WALIMAR SALLAH A GIDAN MAI KIWO: HAƘƘIN BAƘO DA HAƘƘIN DABBA



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci mai tafiya da ƙafa biyu da mai tafiya da huɗu da mai tashi da fukafukai, kuma Ya ɗauki nauyin ciyar da su baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, Babbar Sallah ta matso, kowa ya shiga lissafin rago da shinkafa da ɗinkin yara. Darasinmu na yau a kan wani ɓangare ne na shirin Sallah wanda ba a cika sa shi cikin lissafi ba, sai bayan ya jawo ɓacin rai.

A Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya ka shiga gidan da babu wani mai rai banda mutane. Wani gidan kyanwa ce, wadda mu nan muka fi kira mussa. Wani tantabaru ne, wani zomaye, wani aku a keji. Kaji da zabi kuwa ba a ma maganarsu. Manoman fadama da masu garke da yawansu suna da karnuka. A sauran kwanakin shekara kowa ya san wurinsa, dabba ta san lokacin cinta, mutanen gida sun san halinta. To ranar Sallah sai tsarin nan ya rushe. Ƙofa a buɗe take tun safe, yara na shiga suna fita, ƙamshin nama ya cika unguwa, tukwane na ƙasa, ga baƙi daga Birnin Kebbi da Sakkwato da Yawuri waɗanda dabbar ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba.

A irin wannan rana maigida yana riƙe da amana biyu a lokaci guda: baƙon da ya gayyata, da dabbar da ya ajiye. Kowannensu yana da haƙƙi a Shari'a, kuma ba ya halatta karrama ɗaya ta zama zaluntar ɗayan. Abin da zai haɗa maka haƙƙoƙin biyu shi ne ilimi da shiri tun kafin ranar.

1. ASALIN HAƘƘOƘIN BIYU

Haƙƙin baƙo sananne ne. A hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya haɗa karrama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira. Karramawa kuwa ba ta tsaya ga cika faranti da nama ba. Ta haɗa da tsabtar abin da za ka ba shi, da wurin da zai zauna ya yi sallah, da natsuwar zuciyarsa da lafiyar yaransa muddin suna cikin gidanka.

Haƙƙin dabba shi ne wanda muka fi sakaci da shi, alhali nassoshinsa masu tsoratarwa ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Ta tsare ta, ba ta ba ta ci da sha ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta da kanta ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. A ƙarshen hadisin Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai.

Ku lura da laifin matar can. Ba a ce ta doke kyanwar ba. Tsarewa ce da mantuwa. Yanzu ku tuna yadda ake yi a gidajenmu ranar Sallah. Ana kulle mussa a ɗakin ajiya tun asuba don kada ta dami masu aikin nama, ana ɗaure kare a bayan gida cikin rana, hidima ta ɗauke hankalin kowa, ba mai tuna su sai washegari. Wallahi wannan ya yi kama da abin da hadisin ya yi gargaɗi a kai. Tsare dabba don maslahar baƙi ya halatta, amma da sharaɗin ci da sha da inuwa da iska.

2. WACE DABBA CE YA HALATTA A AJIYE?

Kyanwa babu saɓani a kan halaccin ajiye ta, muddin za a ciyar da ita. Tsuntsaye ma haka. Anas ɗan Malik (RA) yana da ƙane ƙarami mai suna Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, kuma Annabi (SAW) yakan yi masa raha ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Daga nan malamai suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu idan ana kula da shi. Saboda haka mai tantabaru ko mai aku ba shi da laifi a kan ajiyewar, laifin yana zuwa ne daga sakaci.

Kare kuwa hukuncinsa daban ne. Hadisan Bukhari da Muslim sun yi izinin ajiye shi don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona. Wanda ya ajiye shi ba don ɗayan waɗannan ba, ana rage masa lada a kowace rana. A ruwayar Abu Huraira ƙiraɗi ɗaya, a ta Ibnu Umar ƙiraɗi biyu. A kan haka Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a cikin Risala, littafin da kusan duk zauren karatu a ƙasar nan ake karanta shi. To mutumin Aliero da ke da kare a gonar albasarsa, ko makiyayin ƙasar Maiyama da karensa ke bin garke, suna cikin izinin nassi kai-tsaye.

Saura karen tsaron gida a cikin gari. Nan malamai sun yi saɓani. Wasu sun tsaya ga abubuwa ukun da nassi ya ambata. Wasu kuma sun yi ƙiyasi a kansu idan buƙatar tsaro ta tabbata, kuma wannan ne Imam Nawawi ya rinjayar a sharhin Sahihu Muslim. Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa shi kansa Ibnu Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi kuma ya ji tsoro a kan kansa. Amma ko a wurin masu halattawa, wurin kare shi ne bakin ƙofa ko bayan gida ko gona. Shigar da shi falo da ɗakin kwana don ƙawa, kamar yadda wasu matasa ke kwaikwayo daga finafinai, ba ya cikin abin da aka yi izini, kuma hadisin Abu Ɗalha (RA) a Bukhari da Muslim ya bayyana cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare.

3. IDAN TA SA BAKI A ƘWARYA

Wannan ita ce mas'alar da ta fi tayar da gardama a tsakar gida ranar Sallah. An juya baya, mussa ta lashi kunu ko ta sha ruwan randa. Wata ta ce a zubar, wata ta ce a'a.

Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, haka ma Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i, cewa Kabsha 'yar Ka'ab ɗan Malik ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada (RA) ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga Kabsha tana mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, kuma ya lissafa ta cikin masu kai-komo a cikin gida. Don haka sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma abincin da ta taɓa bai zama najasa ba. Togaciya ɗaya ce malamanmu na Malikiyya suka yi: idan an ga najasa a bakinta a lokacin, kamar jinin ɓeran da ta gama ci, to sai a yi hukunci da abin da aka gani. Gashinta da ya maƙale a tabarma ko a riga shi ma mai tsarki ne, ba ya ɓata sallah. Fitsarinta da kashinta su ne najasa, dole a wanke wurin kafin a shimfiɗa wa baƙi abin sallah.

Kashin tantabara da na kaza, a mazhabar Malik mai tsarki ne tunda ana cin namansu, sai dai idan najasa suke ci, kamar kajin da ke kiwo a bakin kwata.

Game da kare, hadisin Abu Huraira (RA) ya yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau 7, kuma a ruwayar Muslim an ƙara cewa ta farko da ƙasa. Shafi'iyya da Hanabila sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa yawunsa najasa ne, wankin kuma wajibi ne tare da ƙasa. Malikiyya kuwa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, suna ganin kare mai rai mai tsarki ne, wanki bakwai ɗin ibada ce da ake yi don bin umarni, a zubar da ruwan a wanke mazubin, amma ba su wajabta zubar da abinci ba.

A nan nake so mu bambanta abu biyu da mutane ke cakuɗawa: tsarki daban, tsabta da karamci daban. Abu yana iya zama mai tsarki a fiƙihu amma bai dace ka miƙa wa baƙo ba. Naman da mussa ta ɗauka ta ja a ƙasa bai haramta ba, amma wa zai ji daɗi a sa masa shi a faranti? Kuma cikin baƙinka akwai mai bin fahimtar da ta saɓa wa taka a kan kare. Shawarata ita ce, a cire inda bakin dabba ya taɓa a ba ta abinta, mazubin da kare ya lasa a wanke shi sau 7 har da ƙasa, ka fita daga saɓani ka huta. Mafi sauƙi duka shi ne rigakafin da Annabi (SAW) ya koyar a hadisin Jabir (RA) na Bukhari da Muslim, inda ya yi umarni da rufe mazubai da ɗaure bakin salka. Murfi ɗaya yana kashe gardamar awa guda.

4. ABINCIN SALLAH DA KE CUTAR DA DABBA

Yawancinmu muna ganin kyautatawa ce idan an gama walima a tattara sauran miya da ƙasusuwa a juye wa dabba. Niyyar mai kyau ce, amma jikin kyanwa da na kare ba irin namu ba ne. Ga abubuwan da likitocin dabbobi suka tabbatar da illarsu.

Na farko albasa da tafarnuwa. Mu da Allah Ya albarkace mu da albasar Aliero, wadda ake lodinta zuwa kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta, babu miyar da muke yi ba ita. To albasa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa da kare, ɗanya ce ko dafaffa ko soyayya, wuta ba ta kashe wannan illar. Kyanwa ta fi saurin kamuwa: kimanin giram 5 a kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya fara taɓa jininta. Ke nan mussa mai kilo 3, giram 15 ya ishe ta, abin da bai kai ƙaramar albasa guda ba. Kuma alamun ba sa fitowa nan take, sai bayan kwana biyu ko uku ko fiye a ga ta yi laushi, ta ƙi ci, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu. Sai a ce ai maye ne ko an sa mata guba, har a fara zargin maƙwabci, alhali miyar gidan ce.

Na biyu ƙashin da aka dafa ko aka soya, musamman na kaza da na zabo. Wuta tana busar da shi, idan aka tauna sai ya tsage ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji.

Na uku kitse da man suya mai yawa. Karen da ya saba da tuwo da ɗan romo, idan aka cika shi da kitsen rago rana guda, yana iya kamuwa da amai da gudawa, wani lokaci har da kumburi mai tsanani a cikinsa.

Na huɗu goro da cakulan da zabibi. Goro da cakulan suna da sinadaran da jikin kare da kyanwa ba ya iya fitar da su da sauri, zabibi da inabi kuwa suna lalata ƙodar kare. Yara na yawon Sallah da alewa a hannu, a ja musu kunne.

Na biyar magungunan mutane. Farasitamol da muke sha kamar ruwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Idan dabba ba ta da lafiya a nemi malamin dabbobi, kada a buɗe jakar maganin gida.

Na shida maganin ɓera da na ƙwari da ake zubawa a lungu-lungu lokacin sharar Sallah. Wannan haɗari ne ga dabba, haɗari ne kuma ga yaran baƙi masu rarrafe. Haka ledar da aka ƙunshe nama da tsinken tsire, dabba tana haɗiye su saboda ƙamshi, awaki da tumaki ma leda na kashe su.

To me za a ba su? A ware musu ɗan nama tun kafin a sa kayan miya, a dafa shi da ruwa zalla, a ba su daidai cikinsu. Ba ina cewa a ɗauki cinyar rago a ba kare alhali maƙwabci bai ga nama ba. Talaka da maraya da almajiri su ne a gaba a naman layya. Amma guntayen da ake yarwa wajen gyaran nama sun ishi dabbar gida ta yi Sallah ita ma.

5. RANAR YANKA

Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da kyautatawa hatta a wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Malamai sun karhanta wasa wuƙar a gaban dabbar, da yanka wata a gaban wata tana kallo. Saboda haka idan akwai sauran tumaki a gida, a kawar da su daga wurin. Kare da kyanwa ma a nesanta su har a gama fiɗa a share jini.

Ga wata mas'ala da nake roƙon mahauta da masu fiɗa su riƙe ta da kyau. Wani lokaci idan an buɗe rago ko sa ko raƙumi, sai a ga wasu ƙulluttai masu ruwa a jikin hanta ko huhu. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. Wannan kuskure ne babba. Ƙulluttan nan 'ya'yan wata tsutsa ce a cikinsu. Idan kare ya ci su ɗanye, tsutsar takan girma a hanjinsa, ƙwayayenta su riƙa fita ta kashinsa, su maƙale a gashinsa da ƙasar tsakar gida da ganyen lambu. Yaro ya shafa karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, sai ƙwan ya shige shi. Bayan shekaru sai irin wannan ƙullutu ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, sau da yawa sai da tiyata ake cire shi. A ƙasashe irin su Maroko hukumomi sukan yi gargaɗi a kan wannan a lokacin layya. Maganin mai sauƙi ne: duk hanta ko huhun da aka ga ƙullutu a jikinsa, a ƙone shi ko a binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba. Sauran kayan cikin da za a ba kare kuma a tafasa su sosai tukuna. Ƙa'idar da ta hana cutarwa, wadda Malik ya ruwaito asalinta a Muwaɗɗa, ta shafi wannan kai-tsaye.

Idan an kafa tareni, an jera raguna a jikin itace kewaye da wuta kamar yadda muka gada, a sa babba ya tsaya a wurin. Ƙamshin yana jawo karnukan unguwa da ba a san lafiyarsu ba, ga yara kuma na zagaye da wutar.

6. AMINCIN BAƘO

Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a firgita Musulmi, kuma dalilin hadisin ma wasa ne wasu sahabbai suka yi wa ɗan'uwansu. To ina ga wanda zai saki karensa a bakin zaure, baƙuwa ta taho da goyo ya taso mata, shi kuma yana daga ciki yana dariya yana cewa “ai ba ya cizo”? Malam, ba ya cizonka kai da ya sani. Hayaniya da baƙin fuskoki da ƙamshin nama suna sauya halin kare mafi sanyi. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa mai kare mai cizo, idan ya san halinsa ya yi sakaci har ya yi ɓarna, akwai lamuni a kansa.

Kuma cizon kare ba rauni ba ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne da idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, amma ana iya tare shi gaba ɗaya idan an yi gaggawa. Duk wanda ke da kare, wajibinsa ne ya kai shi a yi masa allurar rigakafi tun yana ɗan wata 3, kuma a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan allura, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi. A tambayi ofishin kula da dabbobi mafi kusa. Kyanwa ma tana iya ɗaukar ciwon, ita ma ana yi mata.

Idan ƙaddara ta faɗa aka ciji wani ko aka yakushe shi, ga abin yi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Kada a tsaya shafa toka ko barkono ko ɗaure wurin da tsumma. A tafi asibiti a ranar, kada a ce sai bayan Sallah. A tsare karen a lura da shi kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a ga likita. Maigida kuma kada kunya ta sa ya ɓoye cewa ba a taɓa yi wa karensa allura ba. Ɓoyewar nan tana iya zama sanadin rai.

Banda cizo, akwai baƙin da gashin kyanwa ko ƙurar ɗakin tantabaru ke tayar musu da asma. Akwai mai juna biyu, wadda likitoci ke gargaɗinta a kan taɓa kashin kyanwa saboda wata cuta da ke iya shafar abin da ke cikinta, don haka kada a sa ta kwashe shi. Akwai kuma wanda tsoro ne kawai Allah Ya sa masa. Kada a mai da shi abin dariya. Tun wajen gayyata ka faɗa wa mutane cewa akwai dabba kaza a gidan, kuma ka tanadar mata wuri. Sau nawa zumunci ya yi sanyi saboda wata ta ce ita da gidan wane har abada, tun ranar da karensu ya kori ɗanta?

7. SHI MA BAƘO AKWAI NASA LADABIN

Idan ka je gidan mutane, ka yi sallama ka jira a amsa kafin ka kutsa kai, wannan ladabin Musulunci ne kuma kariya ce gare ka. Kada ka ba dabbar gida komai sai da izinin mai ita. Iyaye ku riƙe yaranku. Jifan kyanwa, jan wutsiyar kare, tsokanar aku da tsinke, ɗaga zomo a yi ta wurgi da shi, duk zalunci ne, kuma cizo yakan fara daga nan. A koya wa yaro kada ya kusanci kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai 'ya'ya.

Kuma idan ka ga abin da kake ganin kuskure ne a yadda ɗan'uwanka ke ajiye dabbarsa, teburin walima ba wurin muhawara ba ne. Ka ci abincinka, ka yi masa addu'a, daga baya ka ja shi gefe ku yi magana da hujja. Kunyata mutum a gaban iyalinsa da surukansa ranar Idi ba ya gyara komai.

8. TSARIN DA ZA A BI

Tun ranar Arfa, a zaɓi wurin da dabba za ta wuni: mai inuwa, mai iska, nesa da hanyar baƙi da wurin suya. A share tsakar gida, a wanke inda ta saba yin fitsari, a kwashe duk wani magani daga ƙasa.

Da safe kafin a fita Idi, a ba ta abinci ta ƙoshi, a cika mata ruwa. Dabba mai yunwa ita ce ke hawa tukunya.

A ɗora wa mutum ɗaya a gidan, da sunansa, nauyin leƙa ta da azahar da la'asar da bayan magariba. Aikin da aka bar wa kowa, ba mai yin sa.

Duk tukunya da kwano da randa a rufe. A ajiye buta da sabulu a inda baƙi za su ci abinci, yaran da suka taɓa dabba su wanke hannu.

Bayan an watse, a kwashe ƙasusuwa da ledoji da tsinkaye kafin a saki dabbar. Sauran miya mai albasa kada ya je kwanonta.

'Yan'uwa, a ranar da muke yanka dabba don neman kusanci ga Allah, bai dace a ce a cikin gidan nan ne wata dabbar ke kukan ƙishirwa a bayan ƙofa ba, ko ɗan baƙo ya koma gida da rauni saboda sakacinmu. Wanda ya ga ba zai iya sauke haƙƙin dabba ba, to ya ba wanda zai iya, ya fi masa sauƙin hisabi.

Wallahu a'alam. Allah Ya nuna mana Sallah lafiya, Ya karɓi layyarmu, Ya sa albarka a gidajenmu da dukiyoyinmu, Ya ba mu ikon sauke duk amanar da ke wuyanmu. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu amsa gwargwadon iko in sha Allah.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.